Ɗan Tsuntsu a Kwalin Alli

Shekararta goma sha ɗaya tana koyar da ajin 'yan shekara huɗu, kuma duk makarantar babu mai kaffa-kaffa kamarta. Jakarta ba ta rabuwa da filasta da wandon ko-ta-kwana. Yaro na ɗaga ƙafa zai yi gudu, ita ta riga ta hango faɗuwarsa. Mijinta, direban bas, yakan tsokane ta cewa ko rana ta take sai ta fita da laimar ruwa. Yaran kuwa Anti suke ce mata, su goge majina a zanenta su wuce abinsu.

Wata Litinin tana share allo, ihu ya ɓarke a bayan aji. Ta ruga can. Ashe ɗan tsuntsu ne ya faɗo daga sheƙar da ke ƙarƙashin rufi, gashinsa bai gama fitowa ba, yana numfashi sama-sama. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce a ranta, wannan ba zai kwana ba. Har ta fara shirya yadda maigadi zai ɗauke shi a ɓoye lokacin hutun tara.

Ina! Wani ɗan lukuti da ake kira Kumatu ya riga ya tuɓe safarsa ya shimfiɗa a kwalin alli. Rediyo, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, ta haye benci.

"Kowa ya ɗaga hannu! Allah ka ba shi lafiya, ka kawo mamansa, kar mage ta gan shi!"

"Amiiin!" Sai da gilashin taga ya amsa.

Rediyo ta diro ta ja hannun Anti. "Anti, buɗe taga."

"Don me, 'yata?"

Yarinyar ta dube ta da mamaki. "Ba mun roƙa ba? To ta ina maman za ta shigo?"

Ita Anti da take addu'a tun kafin a haifi iyayen wasunsu, ba ta tuna ranar da ta shafa ta tashi da irin wannan tabbacin ba. Ta buɗe tagar, ta ɗora kwalin a bakinta.

Ba a kai tashi ba uwar ta sauka, tsutsa a baki. Yara ashirin da biyu suka toshe bakinsu da hannu, suna rawa da kafaɗu don kar su kore ta. Kumatu ya kasa daurewa, ya shige ƙarƙashin tebur ya yi dariyarsa can.

Kwana tara ana wannan hidimar. Maigadi ya ɗauki nauyin gadin mage, masu kukan rabuwa da iyaye da safe suka koma shigowa da gudu. Ita kanta Anti kullum ƙarfe bakwai tana bakin taga.

Ranar Laraba suna tsakiyar ƙirga, ɗan tsuntsun ya hau gefen kwalin, ya karkaɗe jiki, ya yi fir! Sai reshen bishiyar farfajiya.

Wadda ta fi kowa ihu Anti ce. Ta yi tsalle har ɗankwalinta ya zame, yara suka yanyame ta. Shugabar makaranta ta leƙo a firgice.

"Malama, lafiya? Wa ya ji ciwo?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe! Ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Ran nan ƙirga a bakwai ta tsaya. Anti ta kwashe su duka zuwa gindin bishiyar, suka ɗaga kai suna yi masa bai-bai, ta bar su suka yi ta zagaye da gudu har aka buga ƙararrawa.