Muryar Baba a Bakin Allura

Duk lokacin da yayyafi ya fara sauka a kan kwanon ɗakina, sai in dakata da abin da nake yi. Ba ruwan nake saurare ba. Wannan ƙarar, shaa, da ɗan ƙas-ƙas a cikinta, ita ce ƙarar da allura ke yi in an ɗora ta a bakin faifai kafin waƙa ta shigo. Na tsufa, na ga abubuwan da ba na son faɗa, amma har yau in na ji ta sai in tarar ina jiran ganga.

A wani ƙauye na yankin Gangara aka haife ni. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Baba manomi ne da damina, da rani kuma ɗan amshi ne a bayan wani mawaƙin noma. Wata shekara suka tsallaka Najeriya cin rani, wasu mutane suka shigar da su ɗaki suka ɗauki waƙarsu. Da ya dawo ya zo da faifai ɗaya baƙi, naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Ban da shi, sai gishiri da zane ɗaya na Inna.

Duk ƙauyen, Baffa, wato wan Baba, shi kaɗai ke da garmaho mai batir. Ba ya fiddo shi sai da kaka, in gero ya shiga rumbu, hankalin mutane ya kwanta. Bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Ƙamshin tumu na tashi daga wuta, yara na ɓare gyaɗa, awaki na jan harawa. Sai ya goge faifan da bakin rawaninsa, a hankali, kamar mai share fuskar jariri. Ya ɗora allura. Yayyafin nan ya fara, ganga ta biyo, mawaƙi ya ja baiti, 'yan amshi suka karɓa. A cikinsu akwai murya ɗaya mai kauri, ƙasa-ƙasa, wadda ke ƙarewa bayan kowa ya ƙare. Ita ce ta Baba. Da an kusa wurin sai Baba ya tashi ya ce zai duba jaki.

Inna kuwa ba ta taɓa fitowa ba. Kakanninta makiyaya ne, kunyarsu ta gada. Ba ta faɗin sunan Baba, ba ta faɗin nawa don ni ne ɗan fari, balle ta zauna gaban mutane tana sauraren mijinta. Tana bayan darni tana daka. Amma ni na lura da abu ɗaya: in muryar Baba ta zo, taɓaryar na tsayawa. Sai ta wuce dakan ke ci gaba. Ban gaya wa kowa ba.

A jikin abin murɗa ƙara, Baffa ya yi zane da wuƙa, daidai tsakiya. Ba ya bari a wuce shi. Wata rana wani saurayi ya miƙa hannu ya murɗa, ya ce mutanen gangare ba sa ji. Baffa ya buge hannun.

"In ka wuce nan, ba waƙa kake ji ba, akwati kake ji."

Ranar da batir ya mutu kuma, bai tattara kaya ba. Ya juya faifan da ɗan yatsa, ya ce mu kawo kunne kusa da allurar. Na kara nawa. Can ciki, kamar kukan sauro, sai ga mawaƙin, ga gangar, ga Baba. Ban taɓa jin abin mamaki irin wannan ba.

"Ka ji? Muryar tana nan tun can," in ji Baffa. "Ƙarama ce kawai. Ɗagawa take so."

Sai shekarar yunwa ta zo. Ba zan ja maka wannan ba. Ruwa ya ɗauke gero na ciki, shanu suka zube, muka ci ganyen da awaki ke ƙi. Baba ya tafi kudu neman hatsi, ya kwanta ciwo a hanya, wasu matafiya suka kawo mana labari da takalmansa. Baffa ya ba da garmahon aka ba shi dawa. Ƙannena biyu ba su ga damina ba. Ni na tafi. Na yi dako, na yi haƙar rijiya, na yi turin kura, na kwana inda dare ya same ni. Faifan bai ƙara faɗo mini a rai ba. Na ɗauka ya bi garmahon.

Shekaru suka wuce, na dawo gida da furfura. Inna ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, ƙafa ba ta kai ta ko bakin zaure. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta juya fuska ga bango ta ce, "Kai, ɗaga ƙoren can na ƙasa."

Na ɗaga. Faifan ne, cikin wannan rigar dai. Duk yunwar da aka yi ba ta sayar da shi ba.

"Har yanzu ana samun abin da ke sa shi magana?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ban taɓa jin ta roƙi wani abu ba, kuma na ga yadda numfashinta yake. Na san lokacin ba yawa.

Na sami garmaho a wurin masu kayan gwanjo a Maraɗi, irin wanda ba shi da lasifikarsa. Na ari ampili, wato akwatin ƙara sauti, da lasifika a hannun mai kiɗan biki na garinmu, muka haɗa a shagonsa. Muka ɗora allura, sai sauron nan na Baffa. Muka murɗa har ƙarshe, sai gurnani, waƙar na can ƙasa siririya. Na ce a tsaya. Faifan ya riga ya sha jiki, duk zagayen banza cin sa yake.

Ranar kasuwa na ɗauki garmahon na tafi Agiye, wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Na ba shi labarin na Baffa, ya kalli kan allurar ya yi dariya.

"Malam, na Baffanka allurarsa mai babbar murya ce, da kanta take kai kanta. Wannan ta fi ta daɗin sauti, amma muryarta ba ta kai ta shiga ampili kai tsaye. Sai an sa mata ɗan akwati a tsakani, ya fara ɗaga ta, sannan babban ya karɓa."

Ya jawo guda biyu daga ƙarƙashin tebur, kowanne bai fi sabulu ba. Ɗaya, in ji shi, na irin allurata ne. Ɗayan na wata allura ce da ta fi tawa rauni nesa, don haka ɗagawarsa ta ninka.

"Ba ni mai ƙarfin," na ce. "Tsohuwar ba ta ji sosai."

"Ba kunnen tsohuwa za ka auna ba, allura za ka auna. Kunnenta aikin babban ampili ne."

"Na ce mai ƙarfin."

"Kai, da ganin ka ba a taɓa juya ka ba. Tafi da su duka biyun. Wanda ya ƙi ka, ka maido mini. Na ma san wanda zai dawo."

Duk rayuwata, abin da ya fi ƙarfi shi na ga ya rage. Ban ga dalilin da zai sa akwati ya bambanta ba.

Da hantsi na haɗa kayan a tsakar gida da batirin sola. Na ce a fito da Inna, ta ƙi. Ta ce a bar ta a ɗaki, a saki asabari. Haka aka yi. Ni ina waje, ina hango ƙafafunta da hannunta ɗaya ta ƙasan asabarin. Na sa mai ƙarfin.

Yayyafin ya zama ruwan ƙanƙara. Ganga ta shigo kamar ana dukan garwa, muryoyin suka haɗe suna yagewa, kaji suka watse. Na rage ƙarar ampili, abin ya yi ƙasa amma yagewar na nan, don tun daga ɗan akwatin ta lalace. Da aka zo wurin Baba, wani abu ne ya fito mai kama da ihu.

"Kashe!" in ji Inna.

Na ɗage allura.

"Wane ne wannan? Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba yana raye. Ba yau za shi fara ba."

Na tsaya riƙe da wayar akwatin a hannu. Zanen wuƙar Baffa ya faɗo mini. Na cire mai ƙarfin, na sa ɗayan, na mai da abin murɗawa tsakiya, na ƙara kaɗan saboda kunnenta.

Yayyafi, na gaske wannan karon. Ganga ta shigo da cikinta, kana jin fata, ba ƙarfe ba. Mawaƙin ya ja, 'yan amshi suka karɓa, kowa da muryarsa daban. Na kalli ƙasan asabari. Hannun Inna na bugun gwiwarta, ɗaya bayan ɗaya, irin saukar taɓarya. Sai muryar nan mai kauri ta zo, ƙasa-ƙasa, ta ƙare bayan kowa. Hannun ya tsaya a sama. Bai sauka ba sai da ta wuce.

Faifan ya kai ƙarshe, allura na ta ƙas-ƙas. Can Inna ta yi gyaran murya.

"Har yau shi ne na baya. Haka yake, ko wurin cin tuwo."

Na ce in sake? Ta ce a'a, kada a gajiyar da shi. Gobe.

Kullum da hantsi nake sa mata sau ɗaya, tana bayan asabari, har kaka ta shigo. Ta rasu gero na shiga rumbu. Mai ƙarfin na mayar wa tsohon Agiye. Ya karɓa ya jefa ƙarƙashin tebur, bai ce na gaya maka ba, amma ya yi ta murmushi har na tafi.

Yanzu in ka shiga kasuwa, ko'ina lasifika ce a murɗe har ƙarshe. Mai magani na ihu, mai waya na ihu, na biki ya fi su duka. Kowa na ji, ban san ko akwai mai saurare ba. Jikokina sun ce in bari a kwashe waƙar a sa cikin waya, na yarda, don faifai ba ya dawwama. Amma na ɗauki wuƙa na yi zane a jikin ampilin da na saya daga baya, inda na tsayar wa Inna. Ranar da wani cikinsu ya miƙa hannu zai wuce shi, na buge hannun. Ya ce, "Kaka, ai ba a ji daga waje."

Na ce ya matso kusa.