Ragon Sunan Ladidi

Har yanzu ban manta ranar da Umma ta tsare ni a ɗaki ba. Wata biyu ban ga jinin al'ada ba, ga bikina an sa bayan sallah. Ban yi komai ba, Allah ne shaidata, amma wa zai yarda? A kwanakin nan na tsoro babu abin da ke yawo a kaina sai wata tatsuniyar kakata Iya.

Muna yara a ƙauyenmu kusa da Kafur, idan an gama cirar auduga sanyi ya sauko, Iya kan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta kowa da gyaɗarsa yana gasawa. Muna rawar ɗari, sai kawai ta yar da mayafi, gumi na tsiyaya a wuyanta, ta ɗauki faifai tana fifita.

"Wane ja'irin ne ya ƙara wa wutar nan kara? So kuke ku gasa ni ku cinye?"

Babu wanda ya ƙara komai. Mu dai mun yanke cewa aljanun Iya ne ke jin zafi. Idan abin ya lafa sai ta ce, "To ga ta nan, mai jin fitsari ya je tun yanzu."

Wai akwai wata mata, Ladidi, da ta aurar da 'ya'yanta duka. Sai jininta ya ɗauke, ta ce ciki ne. Mijinta don murna ya sayo ragon suna ya ɗaure. Ladidi ta daina daka, ta daina ɗiban ruwa, kullum kwaɗayin tsire. Lokacin haihuwa ya zo ya wuce, shiru. Maƙwabta suka ce cikin kwanciya ya yi, irinsa yakan yi shekaru yana barci. Idan jini ya ɗan leƙo ta ce yaron ya juya, idan ya ɓace ta ce ya koma barci.

Rago kuwa yana ta ci. Ƙahonsa ya nannaɗe, haƙoransa suka zube, har sai an dama masa dusa kamar kunu. Iya kan lanƙwashe leɓɓanta ta yi muryarsa:

"Uwar gida, don girman Allah ki je ki tambayi ungozoma. Ko a yanka ni, ko a sake ni in je in ga jikokina."

Ladidi ta je. Ungozoma ta taɓa nan, ta taɓa can, ta ce, "Baiwar Allah, tuwo ne da tsire. Girma ne ya zo, kowace mace tana isowa nan." Aka yanka rago don kada a yi asara, naman ya ƙi dahuwa har itacen gidan ya ƙare. Mu yi ta birgima muna dariya.

Ni abin da ya same ni daban. Na taya Baba cire wa shanun huɗarsa kaska, ashe ɗaya ta maƙale mini a bayan gwiwa. Bayan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ni, na rame. Na tashi, amma wata ya zo babu komai. Maimakon in faɗa, sai na riƙa yin kamar ina fashin salla, in ƙi alwala a tsakar gida, in lallaɓa da buta bayan ɗaki, in rufe ƙofa in yi sallata a ɓoye. Ina cikin sujada Umma ta turo ƙofa.

Ta jira na yi sallama. "Hafsatu, mai haila ce ke salla, ko mai salla ce ke ƙaryar haila?"

Na fashe da kuka. Ba ta dake ni ba, ta ce in sa hijabi. A asibiti a Malumfashi aka yi gwaji, babu ciki. Likitar ta ga tabon kaskar, ta ba ni magani, ta ce ciwo mai tsanani da rama da fargaba sukan rikita al'ada, in jinin bai dawo ba in koma.

A mota Umma ta yi ajiyar zuciya, ni kuma saboda ruɗewa na kama ba ta labarin Ladidi. Ta yi dariya har da hawaye. "Ai ragon na gaske ne. Kakanku ya saya wa Iya, ni na sha ba shi dusa."

Sai yanzu na gane gumin Iya, ashe na ɗaukewar al'ada ne. Ba ta da wanda za ta tambaya ba tare da kunya ba, shi ya sa ta sa maganar a bakin rago don mu jikokinta mata mu ji. Na ji, na yi dariya, da tawa ta zo na kulle baki.

Har yau jinin bai dawo ba, kuma tsoron bai sake ni duka ba. Amma kullum da safe Umma kan leƙo ta ce, "Ya zo?" In ce, "Bai zo ba, Umma." Sai in ɗauki butata in yi alwala a tsakiyar gida, kowa na gani.