Ankon Ɗan Alhajin Raguna

Ni tela ne, amma na yi shekaru ina koya wa yara ƙwallon ƙafa a wani fili da ke bayan layin dogo a Agege. Da safe ina kan keken ɗinki, da la'asar in rataya usur. A filin nan aka kawo mini ɗan wani Alhaji na unguwarmu, mai sayar da raguna a Alaba Rago. Shekarar yaron goma sha uku, amma sai na ɗaga kai nake kallon fuskarsa. Ƙafarsa ba ta san ƙwallo ba ko kaɗan, don haka na sa shi a raga. Shekara huɗu ina jefa masa ƙwallo, ina koya masa ya tare ta da tafin hannu ba da ƙirji ba, ina koya masa faɗuwa ba tare da ya karye ba.

Ni na fara jin labarin wasu mutane da suka zo Ikorodu suna neman manyan samari don ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu ana ture juna. Ni na sa shi a motar haya ta danfo na kai shi, na yi kwana uku ina tsaye a rana a bayan shingen waya. Suka ɗauke shi, suka sama masa makaranta a can Amurka.

Alhaji ya yi walima, ya kafa rumfuna, ya yanka raguna. Da ya karɓi makirfo ya gode wa liman, ya gode wa abokan kasuwa, har direbansa ya ambata. Sai wani daga baya ya tuna da ni, ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, Koci fa?"

Alhaji ya yi dariya a cikin makirfon. "Tela? Ai shekara huɗu ya yi yana ɓata mini yaro a raga. Da na biye masa, da yanzu yana can yana kama ƙwallon roba a layin dogo."

Aka kwashe da dariya. Matata tana ɓangaren mata, ta ji komai. Na ajiye farantin da ke hannuna na fita. Daga ranar 'yan okada, masu haya da babur, suka raɗa mini Ɓata-Yaro, kuma kafin shekara ta zagayo iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu daga filina.

Ban iya faɗa ba, ban iya zagi ba. Abin da na yi shi ne na koyi ƙwallon Amurka, kuma ba don ƙauna na koya ba. Nakan jingina waya a jikin keke tsakanin azahar da la'asar, in kalli wasannin yaron na jami'a, in mayar baya, in sake kallo. Da farko turmutsitsi kawai nake gani. Sannu a hankali na gane gurbinsa, wanda suke kira tayit-en: shi ne mai tsayawa a ƙarshen layin ƙattai. Wani lokaci aikinsa ya tare abokin hamayya ya buɗe wa mai gudu hanya, wani lokaci ya ruga ya juyo a jefo masa ƙwallo. Dole ya zama katanga, dole kuma ya zama barewa. Na kalli waɗanda suka yi suna a gurbin a gasar ƙwararru, na dawo na auna shi da su.

Gaskiya ya iya tarewa. In ya ɗora hannu a ƙirjin mutum, mutumin baya yake yi. Kuma ƙwallo ba ta faɗuwa daga hannunsa, abin da kullum yake sosa mini rai, don na san inda hannayen nan suka koyi aiki. Amma na san ƙugunsa tun yana yaro, ƙugu ne mai nauyi. Inda wasu ke dasa ƙafa ɗaya su karya kwana, shi sai ya yi 'yan taku uku kafin ya juya, mai tsaronsa kuwa yana manne da shi. Yawancin ƙwallayen da ya kama, ya kama su ne don ya fi yaran da ke gabansa girma. A gasar ƙwararru kowa girmansa ne, kuma sun fi shi sauri. Na kuma lura tun da ya ji ciwo a gwiwar hagu yake tausaya mata, ba ya son juyawa ta wannan gefen. Ranar da na tabbatar da haka, na ci tuwo kwano biyu.

A shekararsa ta ƙarshe a jami'a, Alhaji ya cika unguwa da cewa ranar farko za a kira sunan ɗansa. A can kwana uku ake yi ƙungiyoyin ƙwararru suna zaɓen 'yan wasan jami'a ɗaya bayan ɗaya, wanda aka fi so shi ake fara kira. Alhaji ya fitar da anko, shuɗin yadi mai hoton yaron sanye da hular ƙarfe. Mutane kuwa ina za su kai ɗinki? Wurina suka kawo.

Ban taɓa ɗinki mai kyau irin wannan ba. Amma duk wanda ya tsaya in gwada shi, sai na ce masa, ina riƙe da tef a kafaɗarsa, "Ka sa a ranka ba za a kira shi ba. Ba ranar farko ba, ba ta uku ba." In ya yi musu sai in ɗauko waya in nuna masa takun nan uku.

Magana ta kai kunnen Alhaji. Wata Asabar ya zo shagona da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba.

"Tela, na ji kana yi wa ɗana baki."

"Ba baki ba ne, Alhaji. Zo ka gani da idonka."

"Hassada ce ke cin ka."

"Akwai ta," na ce masa. "Amma ba ita ta yi masa nauyin ƙugu ba."

Ya ƙi kallon wayar. Ya ce in shirya, zai aiko mini da ƙafar rago ranar murna, in ci in mutu da baƙin ciki.

Ranar farko ta wuce, da safe labari ya iso wayoyin mutane, babu sunansa. Alhaji ya ce ai manyan suna jan aji ne. Rana ta biyu ma shiru. A ta uku mutane suka cika rumfa da shuɗin anko, masu kiɗa suna jira, shinkafa tana hucewa a manyan tukwane. Ni ina shago ina ɗinka wa kaina riga da ragowar ƙyallayen da suka taru. An gama zaɓe ba a kira shi ba.

Washegari da hantsi na sa rigar. Hoton yaron ya faɗo mini a ciki da baya da kafaɗa, wani ma a kife. Matata ta tare ƙofa ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, kada ka je." Na ce mata jaje zan yi, jaje kuwa haƙƙin maƙwabci ne. Na bi ta babban titi a ƙafa, ban hau okada ba, don kowa ya gan ni.

Na tarar ana kwance rumfuna. Alhaji yana zaune a tabarma da abokansa biyar ko shida, idonsa ya yi ja. Na yi sallama, na durƙusa yadda ya kamata, na ce, "Alhaji, ya muka ji da wannan abu? Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ya dubi rigata ya daɗe. Na zaci zai kore ni. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To yanzu shi ke nan? Ba sauran hanya?"

"Ni kake tambaya, Alhaji?"

"Kai nake tambaya."

"Ban ji ba. Ka san ƙarar keke ta taɓa mini kunne."

Abokansa suka sunkuyar da kai. Alhaji ya ɗaga murya. "Koci, kai ka san yaron nan fiye da kowa. Akwai sauran hanya?"

Na gyara zama, na ɗauki lokacina. Na ce masa akan kira waɗanda ba a zaɓa ba su zo gwaji, kuma mai iya tarewa irin ɗansa ba ya rasa mai kiransa. Na ce ya gaya wa yaron ya manta da zancen suna, ya rage nauyi, ya kula da gwiwarsa, ya karɓi duk aikin da aka ba shi ko da na ture mutane ne kawai. Na ƙara da cewa, a ganina, ko an kira shi ba zai yi mako guda ba. Wannan ba dole ne in faɗa ba, amma na faɗa.

A nan na yi kuskure. Wata ƙungiya ta kira shi, ya yi makonni da yawa kafin su sallame shi. Wata kuma ta riƙe shi shekara guda cikin masu taya manya atisaye, ko da yake bai taɓa shiga wasa na gaske ba. Yanzu yana koyar da wasanni a wata sakandare a can, ya yi aure, an ce yana nan lafiya. Shi yaron ban taɓa riƙe shi da komai ba, yana da shekara goma sha bakwai lokacin da ubansa ya yi abin da ya yi.

Matata har yau tana cewa in nemi gafarar Allah kan tafiyar nan ta hantsi. Na nemi gafara kan abubuwa da yawa, amma wannan na kasa jin nadamarta, kuma ba na son in yi wa Allah ƙarya. Alhaji bai taɓa ba ni haƙuri ba. Abin da na lura kawai shi ne, in na shigo masallacin unguwa yakan canja sahu. Ni kuwa sai in bi shi a hankali in tsaya a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, in an sallame in miƙa masa hannu in tambaye shi lafiyar yaro.