Layin kanumfari da Malam Garba ya sa na rubuta

Assalamu alaikum. Mu a gida, nan Gwallaga, muna lafiya gwargwadon hali. Maigidan ya warke daga zazzaɓi, ya koma kan keken ɗinkinsa. Inna surukata ƙafar ce dai har yanzu, a zaune take salla. 'Yan matan lafiya lau. Nura kuwa, ɗana mai sikila, ciwon ya motsa masa a makon jiya, kwana biyu muka yi a asibiti, amma ya fara cin abinci. Na fara da wannan ne domin da haka Malam Garba yake buɗe kowace safiya. Kafin ya kunna kwamfuta sai ya tsaya a ƙofar ɗakin suya ya ce, “Maman Nura, wa ke tsaye, wa ke kwance?” Kuma ba ya gusawa sai ya ji amsa.

Ranar wata Talata ina tankaɗe garin gero a masana'antarmu ta garin kunu da yaji da ke Yelwa, sai Baba Bulus mai kula da sito ya shigo da hularsa a hannu. Shi da kullum sai ya tsokane ni kafin ya gaishe ni, ranar bai yi ba. Ya ce, “Maman Nura, ajiye rariyar nan. Malam ya rasu da asuba.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hawan jini ne. Jiya-jiya muka rabu yana cewa in tuna masa da farashin waken soya. An yi masa sutura a Gwallameji kafin azahar. Baba Bulus, duk da shi Kirista ne, ya bi har maƙabarta ya tsaya a gefe, ya dawo bai iya cin komai ba.

Abokan aiki ne suka ce in rubuta wani abu a karanta wa iyalinsa. Da hannuna nake rubutawa. In kun ga ya karkace ku yi haƙuri, ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe biro, kuma mutumin da nake rubutu a kansa shi ne dalili.

Shekara huɗu da suka wuce Hajiya mai masana'antar ta sayo manhaja aka sa a kwamfuta, ta ɗauko Malam Garba ya riƙe ta. Aikin manhajar shi ne a faɗa mata duk abin da ke shiga haɗi ɗaya: gero kilo nawa, waken soya nawa, gyaɗa, citta, har leda da takardar da ake manna mata, da gawayin suya, da kuɗin niƙa, da ladan masu aiki. Shi ake kira jerin kayan haɗi. In an ce mata yau an yi haɗi goma, sai ta cire kayansu daga lissafin sito, ta kuma faɗi nawa leda ɗaya ta ci, don Hajiya ta san farashin da za ta sa.

Ni ce mai haɗin tun da aka buɗe wurin, kuma ban san kilo ba. Mudu na sani, da kwanon sha, da wani gwangwanin tumatir da ya lotse a gefe. Mako guda Malam ya yi a ɗakin suya da sikeli, hayaƙi yana shiga masa ido, yana auna duk abin da na ɗiba. Ya ce, “Mudun naki a shafe ne ko a tule?” Na ce, “Malam, wa ke auna gero a shafe in ba marowaci ba?” Ya yi dariya har ya cire tabarau. Sau uku yake auna kowane mudu ya ɗauki na tsakiya. Bai taɓa ce mini awona na ƙauye ne ba. Cewa yake, “Awonki daidai ne, fassara kawai nake yi wa na'ura.”

Amma ni tsoro ya riga ya shige ni. Matan da muke aiki tare suna ta cewa ranar da kwamfuta ta haddace haɗin, kowace yarinya za a iya kawowa ta yi shi da rabin albashina. Albashin nan kuwa shi ne maganin Nura, shi ne kuɗin jini ranar da aka ce a ƙara masa. Saboda haka na faɗa wa Malam komai, na riƙe abu ɗaya. A kowane haɗin kunu ina zuba kanumfari cikin gwangwanin nan guda, a ɗan gasa shi a niƙa da citta, kamar yadda mahaifiyata take yi. Shi ke ba kununmu ƙamshin da ake nemansa dominsa. Ina karɓar sa a wajen Baba Bulus tare da kayan yaji, shi kuma bai taɓa tambayata ba. Na ce a raina, muddin wannan yana cikin kaina, ba a kore ni ba.

Bayan wata uku aka yi ƙidayar sito. Komai ya yi daidai da abin da manhaja ta ce, ban da kanumfari. Ita a saninta yaji kaɗai ke cin sa, don haka ta nuna akwai saura da yawa, buhun kuwa ya kusa kaiwa ƙasa. Hajiya ta kira Baba Bulus a gabanmu. Ta ce, “Baba, makullin nan a hannun wa yake kwana?” Ya ce, “A hannuna, Hajiya. Amma ni ko a shayi ba na son kanumfari.” Ta ce ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya nemo inda ya shiga. Dattijo mai jikoki, ya sayi tarkon ɓera har biyu da kuɗinsa. Ina tsaye ina ji, ban ce komai ba. Kwana biyu na yi haka. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, kuma na rubuta shi ne don ku san irin mutumin da ya fitar da ni daga ciki.

A rana ta uku bayan azahar Malam ya shigo da kofin kunu a hannu, ya jira sauran mata suka fita. Ya ce, “Maman Nura, na'ura ba ta da harshe, amma ni ina da shi. Kunun nan yana da ƙamshin da babu shi a jerina.” Sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa masa komai, har da Nura. Ya ajiye kofin. Sannan ya ce, “Abin da ba a rubuta ba ba ɓacewa yake yi ba, kan wani yake faɗawa. Yanzu yana kan Baba Bulus.” Na ce to ya je ya rubuta. Ya ce, “A'a. Layinki ne, ke za ki rubuta.”

Na ce masa ko sunana ban iya ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta kanumfari da manyan baƙaƙe, ya zaunar da ni a kujerarsa, ya ce in nemi kowane baƙi a kan madannai in danna. Tara ne. Na fi minti goma ina nema, shi yana tsaye hannu a baya, bai nuna mini ko ɗaya ba. Da na gama ya auna gwangwanina ya sa nauyin, ya gyara lissafin watannin baya. A gaban idona giɓin nan ya rufe, kuɗin leda ɗaya kuma ya ɗan ɗaga. Ya ce, “Kin gani, wata uku muna sayar da ƙamshinki kyauta.”

Da ƙafata na je wajen Hajiya da Baba Bulus, Malam yana biye da ni. Baba ya dube ni ya ce, “Ashe ke ce ɓeran da nake ɗana wa tarko. To kuɗin tarkona biyu za ki biya.” Ya yafe tun kafin in gama roƙo. Hajiya kuwa ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma tana da gaskiya. Na tabbata ranar zan tafi. Malam ya bari ta gama, sannan ya ce, “Hajiya, jerin nan ya ce a soya gyaɗa, amma bai san lokacin da za a sauke ta ba. Hancin Maman Nura ne ya san wannan, shi kuma ba ya shiga kwamfuta.” Sai ta ce in koma bakin aikina.

Bai tsaya nan ba. Shi ya nemo mini ajin yaƙi da jahilci na ranar Asabar, kuma kullum bayan azahar yana ba ni minti goma sha biyar a kujerarsa. Da sunayen kaya na koyi karatu: gero, leda, citta. Daga baya ya ce ni zan riƙa shigar da farashin kasuwa duk mako. In na yi kuskure ba ya gyarawa, sai ya ce, “Ledar kunu ɗaya a kuɗin akuya? Sake dubawa.” Ranar da na fara karanta takardar maganin Nura da kaina, na gane safe da yamma ba tare da na tsayar da kowa a hanya ba, na zo na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce hayaƙin ɗakin suya ne.

Mako guda da rasuwarsa waken soya ya tashi, Hajiya ta tsaya a ofis tana tambayar wa zai taɓa kwamfutar. Babu wanda ya matso. Na zauna a kujerar, na sa sabon farashi, na faɗa mata abin da leda ta koma ci. Ta ce in ci gaba da riƙewa. Na'urar da na ji tsoron za ta raba ni da abincin 'ya'yana, yau ni ke kunna ta da safe. Har yanzu ina tsoro, amma na yin kuskure ne babu mai ce mini in sake dubawa.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa mini asiri, kuma bai bari an zalunci Baba Bulus ba, Allah ya rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Shi. Allah ya ba matarsa, Maman Walida, haƙuri, ya raya Walida da ƙannenta, ya haɗa su da masu tsaya musu kamar yadda mahaifinsu ya tsaya wa wasu. Amin.

Saura magana ɗaya gare ki, Maman Walida. A cikin manhajar na tarar da wani jeri da bai gama ba. Ya sa masa suna Dakuwar Maman Walida, kuma layi uku kawai ya rubuta: aya, gyaɗa, sukari. Hajiya ta ce ya yi mata maganar, ta kuma yarda ki riƙa yi a gida muna sawa a leda muna sayarwa. Takaba ba za ta hana ba, tunda ba fita za ki yi ba, ni zan zo da sikeli. Ki aiko mini da amsa kafin ranar Laraba, domin ranar Alhamis ake sayo gyaɗa, kuma sai na san kuɗin haɗin za a sayo da taki. Ki tanadi mudunki da kwanonki yadda kika saba. Abu ɗaya nake roƙo, 'yar'uwa: ki faɗa mini duka, har da ɗan abin nan da ba kya faɗa wa kowa. In kina so, ke za ki rubuta layinsa.