Rundunar Surukan Kofur Gabriel

Kofur Gabriel Dodo ya bar soja da gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa, da muryar da in ya ce a ba shi ruwa, kajin maƙwabta sai sun ƙame. A Zuru wannan ba labari ba ne. Gidan da babu tsohon soja, to baƙi ne a ciki. Abin da ya bambanta shi, Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Mata ne reras, har abokansa na teburin mai shayi suka raɗa masa Kwamandan Zannuwa.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a bayan Ribah, shi da matarsa Rachael suka dawo gari wurin ɗiyarsu Glory, suka baro dawa a gona. Kaka ta yi, dawa ta nuna, babu mai yanka. Rumbun gidan kuwa, ɓera ma ya yi ƙaura.

A teburin shayi kowa janar ne. Wannan ya ce sojoji na jiran ciyawa ta bushe, rafuka su janye, sannan su kutsa daji. Wancan ya ce sai an toshe hanyar Wasagu tukuna, in ba haka ba a kori 'yan bindigar daga nan su ɓullo can. Da yatsa ake zana dajin cikin shayin da ya zube.

"Kafin ciyawarku ta bushe," in ji Kofur, "shanun da suka sato sun cinye mini dawa."

"To da wace runduna za ka, Kwamanda? Da su Glory?"

Kofur ya shanye shayinsa ya tashi. Ya aika wa surukansa. Kowannensu sai da ya yi golmo kafin a ba shi mata, wato shekaru yana noma gonar Kofur tare da samarin tsararsa. Sun san gonar nan fiye da fuskokin matansu. Golmo ya ƙare tuntuni, babu sauran dole. Amma suka zo, kowa da abokan nomansa, wasu har da furfura da tumbi.

"Baba, gwiwarka fa?" in ji Kamalu, mijin babbar ɗiyar.

"Gwiwata ta je Laberiya ta dawo. Taka ina ta je? Kasuwar Dirin Daji?"

Ya shimfiɗa tsari. Ranar da motocin soja suka bi hanyar Ribah, a bi sahunsu. Kowane babur a juya shi ya kalli gida kafin a sauka. Zangarniya kawai za a yanka. Babu waƙa. Shi zai hau dutse da usur. "In na busa, ko mi ke hannunka, yar da shi."

Rachael ta tare ƙofa. "Tsoho, in ka sa ɗiyata takaba saboda tuwo, kada ka shigo gidan nan."

Ranar da motocin soja suka wuce, aka bi tsarin Kofur. Mutanen da ba su iya aiki in babu waƙa suka dinga yin ta cikin hanci. Buhuna na cika, saura gefen rafi inda dawar ta fi kyau, sai Kofur ya hango babura a bakin daji, kowanne da goyo. Ya dubi gefen rafin nan sau ɗaya, ya busa.

Da suka iso gida Rachael ko kallon buhunan ba ta yi ba. Fuskoki ta bi ɗaya bayan ɗaya, sai da ta ga kowa, sannan ta juyo.

"Ina ta gefen rafi?"

"Sojoji su karɓo mini ita in ciyawa ta bushe. Ni nawa sun dawo cif."

Washegari janar-janar na teburin shayi, masu gonaki a can su ma, suka matso da benci.

"Kwamanda, ko za ka ara mana rundunar?"

Kofur ya kurɓi shayinsa a hankali. "Ku je ku haifi mata."