Rairayin Inna

A ɗakin kakata na tashi, ba a ɗakin uwata ba. Ni ne ɗan fari, kuma a ƙauyenmu na ƙasar Korgom mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye ni Kaka Tasalla, wadda ta haifi babana, ta goya ni ta wuce da ni sashenta. Inna tana nan cikin gidan, darni ɗaya ne tsakaninmu, amma in za ta aike ni sai ta dubi gefe ta ce, “Wanga yaro, miƙo mani ludayi.” Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Abin da na lura da shi kawai, kwanona ya fi na kowa miya.

Lokacin ɗari, in an gama kai hatsi rumbu, da an ci tuwo sai Kaka ta sa mu jawo kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Mu shida ne ko bakwai, da ni da ƙanwata Hindatu da 'ya'yan ƙannen babanmu. Takan binne gujiya cikin toka, kuma ba mai taɓawa sai tatsuniya ta ƙare, don ta san in ta raba tun farko rabinmu za su sulale. Da ni take fara tsokana. “Ga maigida nan, miji ba goro ba sabulu. Matso in ga ko ka wanke ƙahwa.” In na ce zan sake ta in auri wata, sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ko kaza ba za ta bi ni ba.

Tana da nata salon buɗe baki. “Ga wata baƙuwa can tahe, ku ba ta wuri.” Mu kuma mu amsa, “Ta shigo, mun share mata.” Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini yanzu. Wadda ta zauna daram a kaina ita ce wadda na fi ƙi a lokacin, tatsuniyar Mai Rairayi.

Wai a wani gari mai gari ya tsufa, ya makance, ba shi da ɗa. Ya ce a nemo wanda zai riƙe garin bayansa. Mutum biyu aka fi ambata. Ɗaya mai baki ne, in ya yi magana har tsofaffi su manta da goron da ke kuncinsu. Ɗayan kuwa shiru-shiru ne, mai gaskiya a rabon gona, sai dai yana da wani hali da ba a gane ba: kullum kafin gari ya waye yana kora jakinsa zuwa gulbi, ya ciko mangala da rairayi, ya shige gida ya ja ƙofa. Ba gini yake yi ba, ba kuma sayarwa yake ba. Magana ta fara yawo a bakin rijiya, aka ce tsibbu yake yi don a ba shi gari.

Aka kira shi gaban dattawa. Sau biyu ana tambayarsa yana sunkuyar da kai. A na uku ya ce, “Babana ne a kwance, ba ya tashi. A bisa rairayin nake kwantar da shi. In ya ɓata, da safe in kwashe in zuba sabo, in wanke shi.”

A nan Kaka takan tsaya ta gyara wuta, ta bar mu da baki buɗe. Sannan ta ce, “Kun ga sai gari ya rabu biyu. Waɗansu sunka ce ya tona asirin ubanai a bainar jama'a, ba ya da kunya. Waɗansu sunka ce ƙarya ya shirya don a ji tausai nai.” Mai bakin nan kuwa da ya ga tsofaffin mata suna share hawaye, sai ya miƙe ya ce ai shi ma haka yake yi wa nasa uban, bai dai so ya faɗa ba ne.

Mai gari ya ce to, gobe kowa ya kawo masa ƙwarya guda ta rairayin da yake shimfiɗa wa ubansa. Aka kawo. Makahon ya tura hannu cikin ta mai baki, ya ji sanyi, ya ji tsakuwa, ƙarangiya ta soke shi a yatsa. Ya tura cikin ɗayar, ya ji laushi kamar garin tuwo, da ɗumin rana a ciki, don an tankaɗe shi an shanya. Ya daɗe bai fitar da hannunsa ba.

“Sai aka ba shi gari!” Haka muke ihu kowane lokaci.

“Ni ban sani ba, ban je naɗin ba,” in ji Kaka. “Abin da na sani, tun daga rannan jakkai sunka yi yawa bisa hanyar gulbi, kuma da rana tsaka. Ashe gidaje da yawa akwai na kwance, kowa na ɓoyon nashi. To baƙuwa ta tashi, ku raka ta, ku zo ku amshi gujiya.”

Ni wannan ƙarshe yana ƙona mini rai. Me ya dame ni da jakuna? Sarauta nake son ji. Har nakan ƙi karɓar gujiyata, Hindatu ta haɗa da tata ta cinye ba ko kunya.

Ina kwaleji a Tasawa Kaka ta kwanta. Wata bakwai ta yi ba ta tashi. Da na zo hutu na tarar da ita a kan farin rairayi, tsaf, ɗakin ba wari ko kaɗan. Ta kama hannuna ta ce mijin banza ya zo ganin gawar matarsa. Na yi kuka, na zauna kusa da ita kwana biyu, na koma makaranta. Ban tambayi wanda yake ɗebo rairayin ba. Sai bayan shekaru Hindatu ta gaya mini Inna ce, a ka take ɗauko shi tun daga gulbi, ta tankaɗe da rariyar da ta ware don haka.

Yanzu ni malamin makaranta ne a Tasawa, Mushe Lawali kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, da furfura a gemu. Babanmu ya rasu, Inna kuma ciwon shanyewar jiki ya kayar da ita, ɓarin dama duka. Hindatu da ke aure a ƙauyen ta dawo gida da ƙananan 'ya'yanta tana jinya. Ni kuwa na iya aike. Shinkafa, sabulu, magani, duk mai kabu-kabun da zai bi ta wajenmu ya san ni. In na je, nakan tsaya a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana duban bango, in fito in zauna da maza. Na gaya wa kaina ai uwa ce, ni namiji, kuma ɗan fari, kunyar da ke tsakaninmu ta girme ni. Da wannan na lulluɓe kaina shekara biyu, kuma lulluɓin ya yi mini daɗi.

Ana cikin farfagandar zaɓen magajin gari, wata la'asar muna fada, majalisarmu ta hira, muna shan shayi, radiyo na gefe. Aka sa wani ɗan takara na wata karkara can wajen Mayahi. Ba jam'iyyarmu ɗaya ba, don haka da kunnen neman laifi nake saurarensa. Mai tambaya ya ce masa ana ƙorafin ba ya kwana wurin taro, ko ina ya je sai ya koma gida. Mutumin ya ce mahaifinsa ne a kwance shekara uku. Ya ce shi yake juya shi, shi yake wanke shi, don tsohon ba ya yarda mace ta gan shi a haka. Ya ce katifa zafi take masa tana fasa masa baya, sai ya koma wa dabarar mutanen da, rairayi, a tankaɗe a shanya a rana. Ya ƙare da neman gafarar masu sauraro.

Fada ta kaure. Alhaji Sani mai shago ya ce, “Kai jama'a! Yanzu har tsiraicin uba ya shiga farfaganda?” Wani ya ce yana da 'yan aiki, ƙarya yake. Wani ya ce ko gaskiya ne, abin da ka yi wa mahaifi tsakaninka da Allah ne, faɗarsa zubar da lada ne. Ni ma na tofa tawa, kuma tawa ta fi ta kowa dafi. Na ce gobe sai ya ɗauko tsohon a amalanke ya zagaya da shi kasuwar Kanambakashe a jefa masa ƙuri'a. Aka yi dariya har da tafawa. Na ji daɗin kaina.

Sai aka buɗe layin waya a radiyon. Wani dattijo ya yi masa faɗa, wani matashi ya sa masa albarka. Wata mata ta ce su mata tun kakanninsu suke wannan aiki, ba wanda ya taɓa kai su radiyo, yau namiji ɗaya ya yi an cika gari. Na gyaɗa kai, na ce ta fi kowa gaskiya. Sai wata ta biyo bayanta, layin na ƙara, ana jin kukan akuya a bayanta.

“Ni ban san shi ba, ban san ko gaskiya ya hwaɗi ba. Amma wanda bai yi jinya ba bai san a shanya rairayi a rana ba. Ni ma uwata na kwance. Ban kira don siyasa ba. Ina son maza su ji, ba wanka kaɗai ne jinya ba. Ɗibar rairayin nan da ɗaga mutum a juya shi, ƙarhi suke so. Bayana ya ƙare, wallahi ya ƙare. Ina da ɗan'uwa, mutumen kirki ne, yana aiko muna komi. Hannu ne babu.”

Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi garinmu ba. Amma muryar da ta cinye mini gujiya shekara da shekaru ba za ta ɓace mini ba. Kofin shayi na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Alhaji Sani ya dube ni, ya san Hindatu, ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran gawayi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. A nan tatsuniyar Kaka ta faɗo mini gaba ɗaya, na ga inda nake tsaye a cikinta. Ba ni ne Mai Rairayi ba, ba ma ni ne mai gari ba. Ina cikin masu surutu a bakin rijiya.

Har yau ban san zuciyar ɗan takarar nan ba. Mai yiwuwa ya haɗa gaskiya da neman ƙuri'a, mutum yana iya yin duka biyun. In an tambaye ni ko ya ci zaɓen, amsar Kaka nake bayarwa, ban je naɗin ba. Abin da na gane a makare shi ne dalilin da ya sa ta ƙi ba mu sarauta a ƙarshen tatsuniyar. Ita ba wanda ya hau ne ya dame ta ba, jakunan nan ne da suka fito da rana. Mutum ɗaya ya buɗe baki, an zage shi, amma zaginsa ya ba ƙanwata ƙofar faɗin abin da ta shekara biyu tana haɗiyewa.

Ranar Asabar na zuba isansi, wato fetur, a babur na kama hanya. Ban tsaya wurin maza ba. Na ari amalanken maƙwabci na nufi gulbi da hantsi, mutane na gaishe ni suna kallon shebur a hannun malamin makaranta. Hindatu ta gan ni ina sauke buhuna, ta juya tana goge ido da bakin zane. Na baza rairayin a rana, da ya yi ɗumi muka shiga tare.

Tun da aka yaye ni jikina bai taɓa na Inna ba. Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗunta na ɗaga ta, sai na ji ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta runtse ido, ta kau da fuska. Hindatu ta kwashe tsohon rairayi ta zuba sabo, na kwantar da ita a hankali, ina tsoron kada ta ce in fita.

Ba ta ce in fita ba. Sannan hannunta na hagu, mai motsin, ya shiga lalube cikin rairayin, ta murza shi tsakanin yatsu. Bakinta ya karkace, maganarta ba ta fita sosai, sai da na duƙa.

“Wa ya ɗebo na yau?”

Hindatu ta ce, “Yaya ne, Inna.”

Ta ɗago wata 'yar tsakuwa, ta laluba ta sa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kanta. Ba ta saki ba. Idonta na kan bango ta ce, “Wanga yaro bai iya ba. Rariya na nan bayan randa. Gobe ka tankaɗe.”