Shekara Bakwai Ina Cewa "Da Sauƙi"

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, 'yar ƙabilar Mada, tsohuwar malamar firamare. Na ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye biro.

Shekara bakwai na yi ina jinyar Malam, mijina, a gidanmu na unguwar Liman Abaji. Yana sauke doya a kasuwa ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga ranar ni ce hannunsa, ni ce ƙafarsa. In juya shi kada bayansa ya yi gyambo. In ba shi kunu cokali-cokali, rabi ya shiga, rabi ya zubo ta gefen baki. In wanke shimfiɗa har hannuna ya tsage. 'Ya'yanmu biyu ba su rayu ba. Idan zan ɗaga shi, katanga nake bugawa, mai rubutun nan ta zagayo ta kama ƙafafu.

Malam yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya raine shi, ya sa shi makaranta har ya samu aikin gwamnati a Abuja. Gidansa na Jigwada, nan kusa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo dubiya cikin farar riga. Ba ya cire takalmi, domin ba ya shiga. A bakin ƙofa yake tsayawa, hankici a hanci.

"Matar Yaya, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Haka aka koya mana. Ko mutum yana gargarar mutuwa, da sauƙi ake cewa, don kada a yi wa Allah butulci. Kowa ya san ba labari ba ne, ladabi ne. Shi kuwa sai ya ɗauke ta ya kai wa dangi, wai Yaya ya samu sauƙi, kowa ya kwantar da hankali.

Sau ɗaya na karya al'ada. Bayana ya riƙe, ko ruku'u ba na iyawa. Na ce, "Yau babu sauƙi. Ka zauna da shi yini ɗaya in je asibiti a duba ni."

Ya yi dariya. "Haba, matar Yaya! So kike in rage miki lada? Ai Aljannarki na ƙarƙashin ƙafarsa."

Malam yana ji. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Na share da bakin zanena.

Ranar da ya rasu, masu wanka suka fito suna cewa ba su ga ko ɗigon gyambo a jikinsa ba. Ƙanen ne ya amsa musu da "Alhamdulillahi, mun yi ƙoƙari." Ina daga ɗaki na ji. Wannan "mun" ba ta bar ni na yi barci ba har na fita takaba.

Bara ciwon nan ya kama ƙanen, shi ma ɓarin dama. Ya aiko wai in zo, yana neman gafara.

Na jira Juma'a. Na ɗaura zanena mafi kyau, na je na tsaya a bakin ƙofa da takalmina. Matarsa tana durƙushe tana naɗe shimfiɗa, idonta ja, yatsunta sun yi fari saboda sabulu.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Na ji. Ke fa? Ya mai jinya?"

Ta dube ni, ta fashe da kuka. Wata shida ba wanda ya tambaye ta. Saboda ita na cire takalmi. Na ce ta je ta kwanta, na karɓi kwanon kunu na zauna.

Duk Juma'a nake zuwa yanzu. Ita ta yi barci, ni in ba shi kunu, in goge masa baki, kamar yadda na yi wa yayansa. Ba na zaginsa, ba na ƙona masa harshe. Sai ya yi ta kokawa da bakin nan da ya karkace har ya haɗa magana.

"Matar Yaya... kin yafe? Ya... zuciyar taki?"

In cika cokali, in dube shi cikin ido.

"Da sauƙi."

Yanzu ya san ma'anarta.

Mai rubutu ta ɗago kai, wai ko za a sassauta ƙarshen. A'a. Rubuta yadda na faɗa.